Dokin da ya gama gudu, ina ake kai shi?

 Kamar yadda muka saba, ga shirin a rubuce saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da waɗanda dama karatu suka fi so. Daga nan Zuru nake magana, kudancin jihar Kebbi.

Na san wani zai ce, yau kuma me ya haɗa mu da doki? Mun saba da maganar katin zaɓe, da rashin aikin yi, da shaye-shaye, da tsaro. To ku ɗan yi haƙuri ku biyo ni, za ku ga inda zancen ya dosa.

Da tambaya zan fara. Dokin nan da kuke gani a bidiyon sukuwa a TikTok, wanda ake ta ihu ana yi wa mai shi liƙi, ranar da ya daina zuwa na ɗaya, ina yake tafiya? Wa ya taɓa ɗaukar bidiyon wannan ranar?

Doki in ya samu kulawa yana kai shekara 25, wani har 30. Amma shekarun da yake iya tsere na gaske ba su da yawa. Da dama kafin su cika goma an riga an cire su daga fage, ko dai ƙafa ta samu matsala, ko kuma sababbin jini sun shigo sun fi su sauri. Ke nan ranar da doki ya gama amfani a idon mai sukuwa, sau da yawa fiye da rabin rayuwarsa tana gaba.

Mu fa mutanen doki ne, wannan ba a musu. Ku duba sarautunmu kawai: Madawaki, Shamaki, Sarkin Dawaki, Barde, ga zagage a gaban sarki. Ku duba yadda harshenmu ya ba kowane launi suna, akawal, bidi, kili, danda, gunya. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, sunansa ya tafi da son dawaki, shi ya dasa ƙwallon dawaki, wato folo, a Katsina. Ɗansa Sarki Usman Nagogo ya kai matsayin maki 7 a wasan, abin da har yau ake ba da labari. Dandalin Murtala na Kaduna filin sukuwa ne a da, haka ma dandalin Tafawa Ɓalewa na Legas. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano a jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Duk wannan abin alfahari ne. Sai dai duk yawan kirarin da muke yi wa ingarma, ba mu tanadar masa wurin hutawa ba in ƙarfi ya ƙare.

Bari in gaya muku hanyoyin da yakan bi. Mai sa'a shi ne wanda ubangidansa ya ce ya yi min rana, a bar shi a turke ya ci ya sha har ta Allah ta kasance. Akwai irin waɗannan mutane, Allah ya saka musu, amma ba su da yawa. Wani kuma a sayar wa masu haya, yau hawan angwanci, gobe kilisa a kan kwalta, yaro biyar su hau shi a wuni ɗaya, kowa da bulalarsa. Kun san a Kano an sha hana kilisa a titi saboda ɓarnar da take jawowa. Na ukun shi ne wanda ake kaiwa kasuwa, irin su Maigatari ko Mai'aduwa, daga hannun wannan dillali zuwa wancan, ƙarshe a loda shi a mota zuwa kudu. Garin Obollo-Afor a jihar Enugu ya yi suna wajen cinikin dawaki da yanka su. Kada wani ya ɗauki wannan ya je yana zagin mutanen can. Su saye suka yi. Wanda ya sayar, wanda dokin ya ciyo wa kofi, namu ne.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A 2019 gidan talabijin na ABC a Ostareliya ya fallasa yadda ake kai tsofaffin dawakin tsere mayanka, ƙasar ta ɗauki zafi. A 2021 BBC ta yi irin wannan bincike a Birtaniya. Bambancin kawai, su suna da ƙungiyoyin da aikinsu ke nan. A Ingila akwai Retraining of Racehorses tun shekarar 2000, tana sake horar da dawakin tsere su koyi wata rayuwa. A Amurka an kafa Thoroughbred Aftercare Alliance a 2012, tana tantance gidajen da ke karɓar irin waɗannan dawaki tana tallafa musu. Mu a nan, sai dai tausayin mutum ɗaya in an dace.

To ni yadda na shiga wannan harka. Ina yaro na yi wasu shekaru a hannun kawuna a Argungu, shi kuma mai dawaki ne. A can na koyi ɗaura sirdi, na koyi share barga, na sha faɗuwa ina tashi ina dariya. Ina shekara 14 aka kai ni makarantar kwana, daga nan jami'a a Sakkwato, daga nan bautar ƙasa. Shekara 13 ƙafata ba ta shiga likkafa ba.

Bara kawu ya kira ni a waya. Bayan gaisuwa ya ce, "Kai ɗana, ina jin ka kullum a waya kana ta maganar haƙƙin waɗanda aka manta da su. To ga wani nan mai ƙafa huɗu, shi ba ya iya magana. Ranar kasuwa dillali zai zo ya tafi da shi."

Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, ni da na manta ta wane gefe ake hawa?"

Ya ce, "Shi ma ya manta yadda ake tsayawa. Sai ku koya tare."

Abin da dillalin zai biya na biya, da ɗan ƙari. Aka kawo min shi Zuru a bayan mota. Bidi ne, irin dawakin nan namu da ake kira na Arewa, ba shi da girma sosai. Kana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Jijiyar ƙafarsa ta gaba ta hagu a kumbure, gefen bakinsa duk tabon linzami, bayansa da miki inda sirdi ya ci. In ka ɗaga hannu za ka sosa kanka, sai ya zabura ya ja baya har igiya ta miƙe.

Sunansa na fage wai Harsashi. Na ce a'a. A ƙasar Zuru mun gaji da jin wannan kalma, ku tambayi mutanen Danko-Wasagu da Sakaba. Kafin in zaɓa masa wani, yaran unguwa sun riga ni. Da suka ji an ce ritaya ya yi, sai suka sa masa Saje. Kun san Zuru garin sojoji ne, da wuya ka ga zuri'ar da ba ta da mai kaki. Yaran nan sun taso suna ganin tsoho a kan benci da sanda, wanda ya ba ƙasa ƙuruciyarsa, yana jiran fansho. Da suka kalli dokin, abin da suka gani ke nan. Sunan ya bi shi.

Yanzu bari in shiga abin da na fi so ku tafi da shi, musamman waɗanda suka sha tambayata yadda ake yi.

Abu na farko, likitan dabbobi kafin komai. Ba mai sayar da magani a kasuwa ba, likita. Shi ya duba haƙoran Saje ya ce zai yi kamar shekara 9. Ya ba shi maganin tsutsar ciki, ya yi masa allurar tetanus, domin doki na cikin dabbobin da wannan cuta ta fi saurin kamawa ta hanyar rauni. Ya goge kaifin da ke gefen turamen haƙoransa, wanda ke yanka masa kumatu in yana tauna. Ya ce jijiyar nan tsohon ciwo ne da aka yi ta gudu a kansa, maganinta hutu na watanni, kuma sukuwa ta ƙare masa har abada, amma tafiya da ɗan sassarfa ba laifi in ta lafa. Ya kuma ce a ware shi daga sauran dabbobi na mako biyu zuwa uku, kada ya zo da wata cuta. Ya koya min auna zafin jikinsa, wanda a doki mai lafiya yake tsakanin 37.5 da 38.5, da bugun zuciya, wanda in yana hutawa yake tsakanin 28 da 44 a minti ɗaya. Ka san waɗannan tun yana lafiya, ranar da ba ya lafiya ba sai ka yi ta canki-canka ba.

Ƙasarmu ta Zuru kuma ta fi Sakkwato da Argungu ruwa. Da damina ga kaska, ga ƙudaje masu cizo, ga laima. Dokin da ya wuni a caɓi, kofatonsa ruɓewa yake daga ƙasa. Sai da na cika wurin turkensa da yashi ya yi tudu, na yi masa rumfa, kullum safe a kwashe kashi a tone kofato a cire duwatsu. Duk bayan mako 6 zuwa 8 a gyara kofaton. Rigakafi ya fi magani.

Abu na biyu, abinci. Mutane in suka ga ramammen doki, tausayi sai ya sa su cika masa kwarya da gero ko dawa. Wannan tausayin yana iya kashe shi. Tumbin doki ƙarami ne in aka kwatanta da jikinsa, kuma an halicce shi ya riƙa cin ciyawa kaɗan-kaɗan kusan wuni guda. Cikinsa yana fitar da ruwan narka abinci dare da rana, ko ya ci ko bai ci ba. Dokin tsere kuwa hatsi ake ɗura masa don ya yi wuta, sannan ya daɗe a ɗaure ba abin tauna, shi ya sa gyambon ciki ya yi musu yawa. Ƙari a kan haka, doki ba ya iya amai. Abin da ya shiga ya shiga. In cikin ya murɗa, za ka ga yana tona ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana birgima, kuma cikin sa'o'i yana iya mutuwa.

Saboda haka tushen abincinsa ciyawa ce da harawa. Lissafin likitoci shi ne busasshen abinci kilo ɗaya da rabi zuwa biyu a kan kowane kilo 100 na nauyinsa. Doki mai kilo 350 ke nan zai ci kamar kilo 5 zuwa 7 a rana. Dusa da hatsi ƙari ne, a ba shi kaɗan, a raba sau biyu ko uku. Duk canjin da za ka yi masa, ka yi shi a hankali cikin kwana 10 zuwa 14. Harawar da ta yi fumfuna, zubar da ita, ko nawa ka saya. Ruwa kuwa lita 25 zuwa 50 a rana, da zafin Maris da Afrilu ma ya fi haka. A ajiye masa ɗan gishiri ko kanwa yana lasa.

Abu na uku, wanda ya fi komai cin lokaci, shi ne yarda. A nan ne na fi so mu daɗe.

Doki duk girmansa, a halittarsa abin farauta ne. Makaminsa na farko gudu. Idanunsa a gefe suke, yana ganin kusan duk kewayensa, amma ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, da abin da ke dab da goshinsa. Shi ya sa wanda ya lallaɓo ta baya yake shan shuri, a ce dokin mugu ne, alhali tsoro ya ji. Ta wajen kafaɗa ake zuwar masa, kana tafe kana magana, ya san kai ne. Kunnuwansa kuma su ne bakinsa. In sun miƙe gaba, wani abu ya ɗauki hankalinsa. In sun saki gefe-gefe, leɓe ya sauko, ya natsu. In ya manna su baya, to ja da baya, gargaɗi ne.

Kuma yana riƙe mutum. A 2018 masu bincike a Jami'ar Sussex da ta Portsmouth a Ingila sun nuna wa dawaki hoton mutum yana fushi ko yana murmushi. Bayan wasu sa'o'i sai mutumin ya zo da kansa, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Dawakin da suka ga hoton fushi suka yi ɗari-ɗari da shi. Daga hoto fa ke nan. To ina ga dokin da ya yi shekaru yana shan bulala?

Wata na farko ban ɗora wa Saje komai a baya ba. Da yamma in ɗauko kujera in zauna nesa kaɗan da shi, ina karatuna ko ina shirya abin da zan faɗa muku a wannan shirin. Ba na kallonsa ma sosai. Mako na farko can ƙarshen igiya yake tsayawa. A na biyu ya fara cin harawa ina wurin. Wata rana ina duba waya sai na ji numfashi mai ɗumi a ƙeyata. Ban motsa ba, ban juyo ba. Ya sunsuna hulata, ya koma. Na kira kawu na ba shi labari, ya ce, "To yau ya yi maka sallama. Saura ka amsa da ladabi."

Daga nan muka fara tafiya a ƙasa, ni da shi, da ragama kawai ba linzami. In tsaya ya tsaya, in tafi ya tafi. Ga sirrin da kawu ya nanata min, wanda daga baya na ga masu horar da dawaki a ko'ina a kansa suke: lokacin da ka sassauta, a nan doki yake gane ya yi daidai. Ka ɗan ja igiya, da zarar ya ɗaga ƙafa ɗaya ya biyo, saki nan take. Wannan sakin shi ne na gode a yarensa. In ya yi abin da ka nema kuma ka ci gaba da ja, to ka koya masa cewa biyayya ba ta da riba. Haka nan dukan da za ka yi masa bayan minti biyar da laifi, bai san na mene ne ba. Abin da zai riƙe kawai shi ne kai mutum ne mai duka ba dalili.

Sannan ka sani, dokin sukuwa ba jahili ba ne, karatu ya yi, sai dai karatun fage. Abu uku na tarar a kansa. Na ɗaya, bai san a tsaya a hau shi ba, domin a fage yana tafiya ake cilla masa yaro a baya. Sai da muka yi kwanaki ina sa ƙafa a likkafa ina cirewa, in ya tsaya cak in shafa wuyansa in ƙyale shi. Na biyu, in ka ɗame linzami da hannu biyu ka riƙe, shi a wurinsa an ce a tafi ne, sai ya jingina bakinsa a kai ya ƙara wuta. Ga bakin dama ya sha wuya da linzamin nan namu mai kaifi. Na samo masa mai sauƙi, na koya masa tsayawa da murya tun muna ƙasa, kalma ɗaya, sauti ɗaya, kullum. Na uku, ganga, ihu, ko wani doki ya wuce a guje, duk a kansa tsere aka fara. Wannan ba a cire shi da rana ɗaya. Daga nesa ake fara nuna masa, yana ji yana cin abincinsa, har ya gane ba kowace hayaniya ce ta shafe shi ba.

To saura ni. Domin ba shi kaɗai ke da tabo ba. Yaro ɗan shekara 14 bai san kuɗin asibiti ba, bai san karaya ba. Mai shekara 27 ya sani. Ranar da zan fara hawa, bayan wata uku da zuwansa, likita ya ce ƙafa ta yi kyau, wallahi gwiwata rawa take. Kuma tsoron nan ba wauta ba ne. Mu 'yan Kebbi muna da abin tunawa. Alhaji Shehu Kangiwa, gwamnan farar hula na farko a tsohuwar jihar Sakkwato, lokacin muna cikinta, a kan doki ya faɗo yana wasan folo a Kaduna a watan Nuwamba na 1981, kuma ajalinsa ke nan. Gwani ne fa, ba ɗan koyo ba. Allah ya jiƙansa.

Shi ya sa nake hawa da hular kwano. Abokai suna min tsiya wai na zama ɗan kabu-kabun doki. Na ce na ji, kai ɗaya gare ni. Rawani ado ne, ba ya tare dutse, ƙasarmu kuwa kun san duwatsu.

Abin da mai dawowa hawa ya kamata ya sani shi ne, duk abin da ke jikinka doki yana ji. Dabbar da ke jin saukar ƙuda a fatarta, ta yaya cinyarka za ta ƙage ba ta sani ba? In ka matse ƙafa, ka riƙe numfashi, ka duƙa gaba, a wurin dokin sukuwa zaman tsere ka yi. Hawana na farko minti biyar ne, a cikin fili, wani dattijo maƙwabcina yana riƙe da ragama muna zagayawa kamar an ɗora yaro ranar sallah. Na sauka tun komai yana lafiya. Washegari minti bakwai. Sannu ba ta hana zuwa. Cinyoyina kuwa sai da suka yi mako suna tuna min shekarata.

Jarrabawar ta zo bayan kamar wata biyu da fara hawa. Muna tafiya a gefen gari da yamma, sai ga ayarin 'yan biki a kan babura, ana hon ana ihu. Na ji Saje ya tattaro jikinsa gaba ɗaya a ƙarƙashina, kunnuwa sun miƙe, wuya ya sandare. Ya yi tsalle ɗaya, biyu. Na zauna daram, na fitar da numfashi, na ja linzami ta gefe ɗaya kamar yadda kawu ya koya min, na juya shi da'ira, ina faɗin kalmar nan tamu. Zagaye ɗaya da rabi ya tsaya. Jikinsa na ɓari, nawa na ɓari. Babura suka wuce. Ya juyo da kunne ɗaya baya, wajena, kamar mai tambaya, yanzu me za mu yi? Dokin da aka yi shekaru ana koya masa cewa hayaniya gudu ce, ranar ya zaɓi ya saurare ni.

Amma in kun tambaye ni ranar da na tabbatar ya yarda da gidan, wata ce daban. Doki yana iya gyangyaɗi a tsaye, amma barci mai nauyi sai ya kwanta, kuma ba ya kwanciya inda bai aminta ba. Wani dare na fito da tocila na tarar da shi a miƙe a kan yashi. Gabana ya faɗi, na ɗauka ciwon ciki ne. Na matsa, sai na ji minshari. Ya buɗe ido ya gan ni, ya mayar ya rufe.

Yanzu kada daɗin labari ya ɗebi wani. Ba kowa ya kamata ya karɓi doki ba. In ba ka da fili da inuwa, bari. In ba ka da abin sayen harawa har cikin bazara lokacin da take tsada, bari. Mu nan ma rashin tsaro ya sa gonakin nesa sun gagara, abincin dabbobi ya ƙara kuɗi, kuma kilisata ba ta wuce gefen gari. In don hoton sallah kake so, haya ta fi maka. Doki ba ya zuwa hutu, ba ya jiran albashi, kuma alƙawari ne na shekara 15 ko fiye. Wanda zai karɓa ya gaji bayan wata shida, hanyar kasuwa kawai ya ƙara wa dokin tsawo.

Ga kirana. Masu dawakin sukuwa, iyayenmu da yayyenmu, dokin da ya ɗaga sunanku yana da haƙƙi a kanku bayan ya daina. Na taɓa gani da idona ana yi wa doki allurar kashe zafi don ya shiga tsere da ƙafa mai ciwo. Wannan cin amana ne, kuma dokar Penal Code ta Arewa ma ta haramta zaluntar dabbobi. Masu shirya gasa, a Ostareliya akwai hukumomin tsere da ke cire wani kaso daga kuɗin kyauta don kula da dawakin da suka yi ritaya. Me zai hana mu? A kuma sa likita ya duba kowane doki kafin ya shiga fage, a sa wa yaran da ke hawa hular kwano, domin su ma 'ya'yan wasu ne.

Matasa kuma, akwai abinci a nan. Gyaran kofato sana'a ce da masu ita suka yi ƙaranci. Tara harawa da kaka a adana ta da kyau sana'a ce. Koya wa yara hawa cikin natsuwa sana'a ce, kuma tsohon doki da ya huce ya fi kowa dacewa da ita. Ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a nan Zuru tun 2020. Ɗalibanta, ga fagen bincike a ƙofar gida.

Sai abin da na ce za ku ga inda zancen ya dosa. Mu matasa mun fi kowa sanin rayuwar dokin sukuwa. Lokacin zaɓe a nemo mu, a ciyar da mu abin da zai sa mu wuta, a ba wasunmu ƙwaya don kada su ji zafi, a sake mu a fage mu yi ta gudu da sunan wani. In an ci kofi, mai doki ke hawa mumbari. Wanda ya karye kuwa, ko lambarsa ba a ƙara ɗauka. Yaran nan da muke kira 'yan daba ko 'yan shaye-shaye, da yawansu karatun fage aka yi musu, ba su san wani ba. In mun ce za mu dawo da su, ba wa'azin rana ɗaya ba ne, ba kuma bulala ba. Sai an zauna kusa da su, an daɗe, an cika alƙawari ƙarami kafin babba, an kuma san lokacin sassautawa. Mutum ya fi doki daraja nesa ba kusa ba, to in dabba ta ci wannan haƙurin, ɗan'uwanka fa?

A nan zan dakata. Ina so in ji daga gare ku, musamman 'yan Sakkwato, Katsina, Kano, Zariya, da 'yan'uwanmu na Maraɗi inda sukuwa take da ƙarfi: a garinku, ina tsofaffin dawakin tsere suke ƙarewa? In kun san wani da ya riƙe nasa har tsufa, ku ba mu labarinsa, irin waɗannan ya kamata a riƙa yabawa. Wanda kuma yake da ɗan'uwa mai doki, ya tura masa wannan.

Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasar Zuru da Najeriya baki ɗaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.